Gidajen da korarrun 'ya'ya suka gina a Harlem

A tsakiyar shekarun 1980, a wani zaure da ke kan titi na 129 a unguwar Harlem ta birnin New York, taro bai cika ɗaukar zafi ba sai wajen ƙarfe huɗu na asuba. Kujeru hagu da dama, fili a tsakiya, alƙalai a bayan dogon tebur, sanƙira riƙe da makirufo yana kiran rukuni bayan rukuni. Idan ya kira rukunin manyan ma'aikata, sai ka ga saurayi baƙar fata ya fito cikin kwat da wando, takalmi na sheƙi, jakar takardu a hannu, jarida a hammata, yana taku irin na wanda taro ke jiransa a bene na arba'in. Alƙalai su ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. Wani lokaci har jakar ake cewa ya buɗe, a ga ko abin da ke ciki ya dace da mai ofis. In ya gamsar da su kowa ya ɗaga masa maki goma, in kuwa an ga ɓaraka a sallame shi nan take. Wannan saurayi mai yiwuwa bai taɓa zama a ofis ba, mai yiwuwa ma ba shi da ɗakin kwana na kansa. Gari na wayewa zai tuɓe kwat ɗin ya koma titi, sai dai kofin da ya ci yana hannunsa, akwai kuma wadda yake kira uwa da ta tsaya a gefe tana yi masa kirari.

Wannan ita ce gasar ado da rawa da Turawa ke kira bol, wadda baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi suka raina a New York. Yau duniya ta san ta ta hanyar rawa da kwalliya da wasu kalmomi da suka cika intanet. Ni kuwa a ganina rawar reshe ce. Tushen abin shi ne gida: mutanen da iyayensu suka kora, gari kuma ya rufe musu ƙofa, suka zauna suka ƙera wa kansu uwa da uba da sunan dangi. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta kallon sheƙin tufafi bai san dalilin da ya sa mai tufafin yake kuka idan ya ci kofi ba.

Abin ya girme wa zauren titi na 129 da kusan shekara ɗari. A birnin Washington, cikin shekarun 1880, wani mutum mai suna William Dorsey Swann, wanda aka haifa cikin bauta a jihar Maryland, yana tara abokansa, da yawansu tsofaffin bayi irinsa, su yi shigar mata su yi rawa a ɓoye. 'Yan sanda sun kai musu samame a 1888. A 1896 aka yanke wa Swann hukuncin wata goma a kurkuku, ya rubuta wa Shugaba Grover Cleveland yana neman afuwa, aka hana shi. A New York kuma an kafa doka a 1845 da ta haramta ɓad da kama a bainar jama'a. Asali an yi ta ne saboda manoma masu bore da ke rufe fuska su far wa masu karɓar kuɗin haya, amma daga baya da ita aka riƙa kama namijin da ya sa riga ta mata.

Duk da haka dokar ta bar wata kafa: an yarda a yi bikin ɓad da kama idan an nemi izini. Ta wannan kafa ce bikin shekara-shekara na wata ƙungiyar zumunta ta baƙaƙen fata, reshen Hamilton, ya zama abin da ya zama. A shekarun 1920 da 1930, lokacin da baƙaƙe ke ta kwararowa Harlem daga jihohin kudu, unguwar kuma ta zama cibiyar kiɗa da adabi, bikin Hamilton a zauren Rockland Palace na titi na 155 yana tara dubban 'yan kallo. Jaridun baƙaƙe suna ba da rahotonsa, har da bayanin rigunan da aka sa. Manyan unguwa da attajirai fararen fata daga wasu sassan birni suna sayen kujerun sama su zauna su leƙo ƙasa. 'Yan sanda suna gadin ƙofa. Wanda aka tafa wa a cikin zaure, in ya taka titi da rigar nan a jikinsa, ɗan sandan da ya yi gadinsa yana iya kama shi.

Tun daga nan alaƙar wannan al'umma da sauran jama'a ta ɗauki siffar da har yau ba ta rabu da ita ba. Jama'a na son kallo, har su biya kuɗi, amma daga nesa, cikin dare ɗaya a shekara, da sharaɗin cewa gobe kowa zai koma mazauninsa. Kuma ko a cikin zauren ba daidai ake ba. Bikin ya haɗa fari da baƙi a zamanin da wurare kaɗan ke haɗa su, sai dai alƙalai galibi farare ne, ma'aunin kyau kuma na farare ne. Baƙin da ke son kofi sai ya shafe fuskarsa da hoda mai haske.

Haka aka yi ta tafiya har 1967, lokacin wata babbar gasa a zauren Town Hall na New York. Crystal LaBeija, baƙar fata, wadda ta riga ta yi suna a gasannin Manhattan, ta zo ta huɗu. Tun kafin a gama sanar da sakamako ta sauka daga dandali ta fice, daga baya kuma ta tsaya gaban masu shirya gasar ta faɗa musu cewa an riga an tsara wa farar da ta ci tun kafin a fara. Masu ɗaukar fim suna wurin, fim ɗin ya fito a 1968, shi ya sa har yanzu ana ganin fushin nan nata. (Zan riƙa kiran kowa da lamirin da ya zaɓa wa kansa, domin da shi aka san su a tarihi.) A farkon shekarun 1970 ita da ƙawarta Lottie suka shirya gasa ta baƙaƙe zalla a Harlem, suka sa mata sunan Gidan LaBeija. Crystal ta zama uwar gida.

Kalmar gida an aro ta ne daga manyan gidajen ɗinki na Paris, inda ake cewa gidan Dior, gidan Chanel. Nan da nan wasu suka biyo baya: Corey, Dupree, Pendavis, Ebony, Saint Laurent. A 1982 Hector Valle ya kafa Gidan Xtravaganza domin 'yan asalin Puerto Rico da sauran masu jin Sifaniyanci, waɗanda su ma suka ga ana danne su a gasannin baƙaƙe. Abin lura ne wannan: waɗanda suka gudu daga wariya sun sake yin tasu wariyar, har sai da wasu suka ɓalle. Willi Ninja shi ma ya kafa nasa gidan a wannan tsakanin. Duk wanda ya shiga gida sai ya ajiye sunan mahaifinsa ya ɗauki na gidan, ya zama wane LaBeija ko wance Xtravaganza.

A wajen Bahaushe ajiye sunan uba ba ƙaramin abu ba ne, don haka ya kamata a tambayi yadda aka kai ga haka. Amsar tana bakin kogin Hudson, a tsofaffin matsayan jiragen ruwa da ke ƙarshen titin Christopher, inda yara masu shekara goma sha huɗu, sha biyar, suke kwana. Wasu an kama su da rigar 'yar'uwarsu aka jefo musu kaya waje. Wasu dukan ya ishe su suka tsere. Wasu daga wata jiha suka hau bas da kuɗin zuwa kawai. Ba tsohon labari ba ne: wani bincike da cibiyar Williams ta jami'ar California ta fitar a 2012 ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na matasa marasa matsuguni da ke zuwa cibiyoyin agaji a Amurka daga wannan rukuni suke, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne iyali sun ƙi su. Irin waɗannan yara ne uwar gida ke tsinta. Ta ba su tabarma a falonta in tana da falo. Ta dafa shinkafa da wake a babbar tukunya. Ta koya musu wane lungu ake bi, wane ake kauce wa, yadda ake magana da ɗan sanda, yadda ake gane mutumin da zai cutar da kai. Ta tilasta wa wani komawa makaranta, ta raka wani asibiti, ta je ta yi belin wani. Angie Xtravaganza ba ta kai shekara ashirin ba lokacin da ta zama uwar gidansu, wato yarinya ce ke rainon yara. Pepper LaBeija, wadda ta gaji Crystal, ta riƙe gidan sama da shekara ashirin har mutuwarta a 2003.

Uwa da uba a nan muƙamai ne na aiki. Namiji na iya zama uwa idan shi ne mai ciyarwa da lallashi, kamar yadda Willi Ninja ya kasance uwar gidansa. Masanin nan Marlon Bailey, wanda ya zauna cikin gidajen birnin Detroit ya yi nazarinsu, ya nuna cewa sun ware jinsi kashi-kashi fiye da biyu, kowane kashi da rukunansa a gasa, kuma ɗawainiyar da mutum ya ɗauka ce ke ba shi matsayinsa a gida.

Ba na son a ɗauka aljanna ce. Rigunan nan masu tsada, wasu an ɗinka su da hannu cikin makonni, wasu kuwa sato su aka yi daga manyan kantuna, har akwai kalma ta musamman da suke kiran wannan sata da ita. Da yawa daga masu sauya jinsi ba mai ɗaukarsu aiki, sai suka koma sayar da jiki, kuma yana cikin dalilan da suka sa gasa ke farawa da asuba: sai sun tashi daga titi, ga shi kuma hayar zaure ta fi araha a wannan lokaci. Akwai ƙwaya, akwai gaba tsakanin gidaje da kan kai ga dambe, akwai iyayen gida da suka ci amanar yaran da ke hannunsu. Dangin da aka ƙera cikin talauci yana ɗauke da cututtukan talauci.

Rukunin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda zan kira sajewa. A nan ba a neman wanda ya fi kowa walƙiya. Ana neman wanda zai ratsa titi ba a gane shi ba. Akwai sajewar ɗalibi, da jakar littattafai a baya. Akwai ta soja, da kakin da aka goge har ya yi kaifi. Akwai ta ɗan daba na lungu, ta attajirin da ke hutu a gidan gona, ta mace mai zuwa kasuwa da rana tsaka. Mai kallo daga waje zai ce wasan kwaikwayo ne, amma ga waɗannan mutane darasin tsira ne. Saurayin da ya iya tafiya kamar kowane saurayin unguwa zai shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya isa gida ba a fasa masa baki ba. Wadda ta saje da mata za ta sayi burodi ba a bi ta da jifa ba. Alƙalan da ke duba ta a zaure suna yi mata jarrabawar da titi zai yi mata gobe, bambancin kawai su in ta faɗi ba za su kashe ta ba.

Sai dai akwai magana ta biyu a ƙarƙashin wannan, ita ce ta sa na fara da mai kwat. Idan yaron da bai gama sakandare ba zai iya sa tufafin manaja, ya yi takunsa, ya yi kallonsa, har a kasa bambance su, to me ya raba shi da manaja na gaske? Ilimi, za a ce, da gogewa. Gaskiya ne. Amma wa aka buɗe wa ƙofar ilimin? Shekarun 1980 a Amurka zamanin Reagan ne, zamanin da talabijin ke cike da attajirai masu lu'ulu'u, kasuwar hannun jari ta Wall Street na bunƙasa, Harlem kuma na cike da gidajen da suka ƙone aka yi watsi da su. Tsakanin wuraren biyu tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a jirgi. Mai kwat ɗin nan yana gaya wa birnin cewa ya haddace shi tsaf, ya san yadda masu iko ke ɗaura agogo, kuma abin da ya hana shi kujerar ba rashin iyawa ba ne.

Masana sun yi sa-in-sa a kan wannan. Marubuciya baƙar fata bell hooks ta yi suka mai zafi a farkon shekarun 1990, tana ganin cewa gasar na bauta wa siffar farar mace mai kuɗi, wato waɗanda tsarin ya murƙushe sun koma suna sha'awar tsarin. Sukar tana da tushe. Venus Xtravaganza, yarinya 'yar Jersey City da ta bar gida tun tana ƙarama, ta faɗa gaban kyamara cewa burinta ta zama farar mace mai dukiya da aka shagwaɓa, ta yi aure a coci cikin farar riga, ta samu gida a wajen gari. Ba juyin juya hali take nema ba. Amma ni na kasa ganin laifinta. Wanda bai taɓa kwana cikin aminci ba, idan ya zana hoton aminci, da fentin da ya gani a talabijin zai zana shi. A watan Disamba na 1988 aka tsinci gawar Venus a ƙarƙashin gado a wani otal na New York, an shaƙe ta, tana da shekara 23. Angie, uwar gidanta, ita aka kira ta je ta shaida gawar.

Fasahar baki da ta jiki da suka fito daga wannan zaure duk 'ya'yan gaba ne da aka hana zubar da jini. Akwai abin da suke kira karanta mutum, wato ka dube shi ka zaƙulo aibinsa ka faɗa da gwaninta har jama'a su kwashe da dariya, kusan zambo ke nan. Sama da shi akwai wanda suke kira inuwa, wanda mu muka sani da habaici ko gugar zana: ba ka ambaci aibin ba, amma kowa ya ji, wanda ake nufi kuma ya fi kowa ji. Rawar da aka sa wa sunan mujallar Vogue habaici ce da aka mayar jiki. Mutum biyu da ke da jiƙaƙƙa su fito fili, kowa ya riƙa ƙamewa cikin irin tsayuwar matan da ke tallar tufafi a mujallar, daga wannan siffa zuwa waccan bisa bugun kiɗa, hannu na zana layi a iska kamar zanen bangon Misira ta dā, ana cusa wa abokin hamayya hannu kusa da fuska ba tare da an taɓa shi ba. Labari biyu ake bayarwa game da asalinta: wasu sun ce Paris Dupree, uwar Gidan Dupree, ce ta fara a wani gidan rawa da mujallar a hannunta, wasu sun ce fursunoni ne a kurkukun tsibirin Rikers. Daga baya salon ya rabu, aka samu tsohon yayi mai tsabtar layi, da sabon yayi mai lanƙwasa gaɓoɓi, da na mata mai juyi da faɗuwa da baya a kan ƙafa ɗaya daidai lokacin da kiɗa ya buga.

Ana cikin haka ƙanjamau ta shigo. An fara ba da rahotonta a Amurka a 1981, maganin da ke riƙe ta kuwa bai samu ba sai 1996. A tsakanin nan gidajen suka zama ɗakunan jinya. 'Ya'yan gida ne ke wanke majinyacin da danginsa suka ƙi zuwa, su ne ke haɗa kuɗin binne shi. Hector Valle ya mutu a 1985. Angie ta mutu a 1993 tana da shekara 28, Dorian Corey, uwar Gidan Corey, ita ma a wannan shekarar. Willi Ninja ya kai 2006. Ƙungiyar yaƙi da cutar ta GMHC ta gane cewa waɗannan matasa ba sa zuwa asibiti amma ba sa fashin gasa, sai ta kafa tata gasar a farkon shekarun 1990, ana raba kayan kariya, daga baya har gwaji ake yi a wurin. Har yanzu ana yin ta. Kuma buƙatar ba ta kau ba: a 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi ƙiyasin cewa in abubuwa suka ci gaba yadda suke, ɗaya cikin kowane maza baƙaƙen fata biyu masu neman maza zai kamu da ƙwayar cutar a rayuwarsa.

A daidai lokacin da ake binne su ne duniya ta gano su. A watan Maris na 1990 Madonna ta fitar da waƙarta mai sunan rawar, ta hau matsayi na ɗaya a ƙasashe fiye da talatin. 'Yan Gidan Xtravaganza biyu, José Gutierez da Luis Camacho, su suka tsara rawar bidiyon, suka kuma zaga duniya tare da ita, wannan kuwa ba ƙaramar dama ba ce gare su. Amma sunayen da waƙar ta jero galibi na taurarin Hollywood ne farare, ba Harlem a ciki. A shekarar dai fim ɗin Jennie Livingston, Paris Is Burning, ya fito, wanda ta kwashe shekaru tana ɗauka a zauren titi na 129 da ɗakunan iyayen gida. Ya ci babbar kyauta a bikin Sundance na 1991, ya tara kusan dala miliyan 4, kuɗi mai yawa ga fim irinsa. Waɗanda suka fito a ciki, mutum 13, an raba musu dala 55,000. Wasu sun nemi kai ƙara, Paris Dupree ta nemi dala miliyan 40, sai lauyoyi suka nuna musu takardun amincewa da suka sa wa hannu tun farko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Adalci ya sa in ƙara da cewa ba don fim ɗin ba da yau ba mu san muryar Venus ko ta Dorian ba, kuma masu shirya irin wannan fim ba su saba biyan waɗanda suka ɗauka ba. A 2016 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ƙasa ke adanawa. Duk da haka tambayar da bell hooks ta yi tana nan: su wa ke zaune a kujerun sinima suna dariya? Ni kuma in ƙara, me ya bambanta su da masu kujerun sama na Rockland Palace?

Kalmomi sun fi rawa saurin tafiya. Maganganun da aka ƙirƙira a zauren sun ratsa shirin talabijin na gasar masu shigar mata na RuPaul da ya fara a 2009, suka shiga Twitter da TikTok, yau yarinya a Legas ko London tana faɗinsu ba ta san daga bakin wa suka fito ba. Kamfanoni na tallar man shafawa da su.

Mai karatu Bahaushe ba zai rasa tuna 'yan daudu ba, kuma akwai kama ta gaske: su ma ana samun babba da ke riƙe da ƙanana, ya koya musu sana'ar abinci a tasha, suna kiran juna uwa da 'ya da ƙawa, habaici kuma makaminsu ne. Amma tarihin daban ne, babu wariyar launin fata a nasu, babu kofi da alƙalai, don haka ba zan ja kamar da nisa ba. Hukuncin addini a kan neman jinsi sananne ne a wajenmu, Musulmi da Kirista, kuma iyayen da suka kori 'ya'yansu a Harlem da Bronx da yawansu masu zuwa coci ne da suka yi imanin suna kare gidansu. Abin da tarihin nan ya nuna, ko mutum ya so ko ya ƙi, shi ne korar ba ta sauya yaran ba. Ta dai miƙa su ga titi, titi ya miƙa wasu ga kabari, waɗanda suka yi sa'a kuma wata Angie ta tsince su. Mu da muke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ya kamata labarin yaro ɗan shekara goma sha huɗu da ke kwana a bakin kogi cikin sanyin New York ya dame mu, kowane irin ra'ayi muke da shi game da rigar da ya sa.

A 'yan shekarun nan an samu canji na gaske. Wasan talabijin na Pose, daga 2018 zuwa 2021, ya ɗauki masu sauya jinsi a manyan matsayi, ya kuma ɗauki tsofaffin 'yan gasa a matsayin masu ba da shawara. Cikin 'yan wasan, Billy Porter ya ci kyautar Emmy a 2019, Michaela Jaé Rodriguez ta ci Golden Globe a 2022. Beyoncé ta gina kundinta na 2022 a kan wannan kiɗa, ta ambaci masu shi, ta ɗauki wasunsu yawon wasanni. Gidaje sun bazu zuwa Paris da Berlin da São Paulo, a Paris ma galibi 'ya'yan baƙi ne daga Afirka da tsibiran Karibiyan, waɗanda suka ga labarinsu a cikin na Harlem. Matasa masu ƙarancin shekaru kuma sun kafa nasu reshe mai sauƙin kuɗi, wanda ya jingina da cibiyoyin kula da matasa.

Amma a 2023, shekarar da Beyoncé ke cika filayen wasa, jihar Tennessee ta kafa dokar taƙaita wasan masu shigar mata a bainar jama'a, aka yi ta shari'a a kanta. A ƙarshen watan Yuli na shekarar, O'Shae Sibley, ɗan rawa mai shekara 28, ya tsaya shan mai a Brooklyn da abokansa, suna rawar Vogue a gefen mota da waƙar Beyoncé. Wasu samari suka fara zaginsu, aka yi cacar baki, aka daɓa masa wuƙa ya mutu. An kama wani ɗan shekara 17 aka tuhume shi da kisan ƙiyayya. Rawar da ake biyan ɗaruruwan daloli a kalla a filin wasa, ita ce aka kashe shi a kanta a gidan mai. Bayan 'yan kwanaki jama'arsa suka cika gidan man, suka yi rawar a daidai inda ya faɗi.

Ita kuwa Venus, sama da shekara talatin bayan mutuwarta, 'yan'uwanta maza na jini suka nemi 'yan Gidan Xtravaganza, dangi biyu da ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Tare suka nemi a sake buɗe binciken kisanta, suka bi ta kotu aka mayar da sunanta Venus a hukumance, birnin Jersey City kuma ya sa gidan da ta tashi a ciki cikin wuraren tarihi. Har yau ba a hukunta kowa a kan kisanta ba.